Mun Kai Yaya Luba Indiya, Suka Ce Ta Tashi Ta Yi Tafiya

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai na makarantarmu da ke Talata Mafara, a gidan suna, har a bakin mai niƙa, tambayar ɗaya ce: "Malama Kulu, yaya Indiya? Da gaske rawa suke yi a kan titi?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma duk wanda ya ji rabi sai ya kai wa wani ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wata ta tare ni tana yi mini jaje, wai ta ji Indiyawa sun sa yayata gudu da ƙarin ruwa a hannu. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Yaya Luba ita ce babbarmu. Tun rasuwar mijinta ta koma gidanmu na Damri, wajen Bakura, tana zaune da Inna mahaifiyarmu. Sana'arta turara shinkafa. Ta jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta turara, ta shanya, ta kai inji, kuma buhun da namiji zai tsaya yana neman mai kama masa ita kaɗai take jan abinta. Bakinta ma ba ya zama wuri ɗaya. Sai ciwon ciki ya sa ta gaba. Aka sha maganin shawara, aka sha na basir, aka sha rubutu, har dai aka kai ta Sakkwato likitoci suka ce ciwon daji ne a hanji, kuma sai an yi aiki. Ɗanta da ke aiki a Abuja shi ya yi ta faɗi-tashi har hanyar Indiya ta samu. Yadda dangi suka haɗa ƙarfi labari ne daban, Allah ya saka wa kowa. Ni aka zaɓa in raka ta saboda ina jin Turanci.

Kun san yadda muke jinya. Daga ranar da aka faɗi sunan ciwon, Yaya ba ta sake taka ƙasa da sunan tafiya ba. A kawo mata ruwan alwala har gado, a ba ta kunu a baki, in ta miƙa hannu za ta ɗauki mafici mutum uku su riga ta. Masu dubiya su cika ɗaki, kowa na cewa "Kwanta, kwanta, kada ki tashi." A wurinmu mai jinyar kirki ita ce wadda marar lafiyarta ba ta motsa ko yatsa. Da wannan Inna ta sallame ni a bakin zaure, ta riƙe hannuna ta ce, "Kulu, ga amana nan. Kada in ji an ce kin bar ta ta wahala a ƙasar mutane."

Sai da rana ta fito sosai muka bar Damri, don ba mai bin wannan hanya da duhu saboda 'yan bindiga. Yaya na kwance a kujerar baya, kanta bisa cinyata. Inna ta cika mana jaka da hoce, gasasshiyar wainar dawar nan tamu, da kuka, daddawa, yaji, garin kunu da kilishi, har direba ya tambaya ko Indiyar ba a girki. Muka fito Lambar Bakura, muka biya Mafara na yi sallama da yarana, muka miƙe Gusau. Kowane shinge soja ya leƙo, ya ga marar lafiya, ya ce Allah ya ba da sauƙi, ya ɗaga mana hannu. Daga Tsafe zuwa Funtua ba wanda ya yi magana a motar, kowa da carbinsa, har direban da ya yi ta surutu tun safe. A Zariya muka kwana gidan wata ƙawata, washegari muka shiga Abuja.

Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, murna ta kusa kashe ni duk da halin da muke ciki. A filin jirgi aka kawo wa Yaya keken marasa lafiya. Nan na gano wani sirri: duk inda keken nan ya nufa, layi buɗewa yake yi. Manyan mutane masu babbar riga na tsaye suna gumi, mu kuwa ana cewa mu wuce. A Habasha, inda muka sauya jirgi, haka. Na riƙa tura shi ina ɗaga kai, na ji a raina ba abin da ya kai keken nan albarka. Da jirgi ya ɗaga, Yaya ta damƙe hannuna tana salati da ƙarfi har wani Bature ya juyo. Da aka kawo abinci ta buɗe ta rufe ta ce, "Wanga na 'yan tsana na. Ba ni hoce."

Rigimar farko a bakin shiga ƙasar muka yi ta, a Delhi. An buga mana hatimi a fasfo lafiya lau, muna jiran kaya sai wani kare ya zo ya zauna gaban jakar Inna ya ƙi tashi. Jami'i ya ce in buɗe. Ƙullin farko da hannunsa ya kai kansa daddawa ce. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya kira abokinsa, shi ma ya sunsuna ya kama tari. Suka ɗauko kuka, suka ga gari kore, suka dube ni da wani irin kallo. Turancina ya gudu ya bar ni. Sai na kama kwatanta kaɗa miya da hannu, ina yanko tuwon iska ina kaiwa baki. Yaya daga cikin keke ta ce, "Ki ce mashi in bai yarda ba shi kawo tukunya." Suka bar mana kuka da daddawa, amma kilishi sun ce nama ba ya shiga. Ina ji ina gani suka jefa kilishin Mafara a kwandon shara, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da na tambayi jami'in ko mu tafi, sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na tsaya, na ɗauka a'a yake nufi. Ya sake kaɗawa, na sake tsayawa. Sai da wata mata ta ja ni ta ce haka suke cewa to.

Masaukinmu wani bene ne kusa da asibitin, duk ɗakunansa marasa lafiya ne da masu jinyarsu, daga Iraƙi, Afganistan, Kenya da wasu ƙasashen da ban taɓa ji ba. Mai gidan wata dattijuwa ce mai jan ɗigo a goshi, ba ta cin nama, ba ta cin ko ƙwai, amma ta ware wa baƙi madafa a can sama. Abincinsu shinkafa ce da wake-wake iri-iri da wata gurasa marar kauri, ga yaji kamar da gayya, ga shayi mai madara da citta wanda har yau nake kewarsa. Titi kuwa cike yake da babur mai ƙafa uku, irin wanda muke cewa agwagwa da buje, kowa na danna oda ba dalili. Abin da ya fi ɗaure wa Yaya kai shanu ne. Ga su nan kwance tsakiyar kwalta, motoci na kauce musu.

"Kulu, shanun wa na?"

"Ba na kowa ba ne, Yaya. Girmama su suke yi."

"Ba makiyayi? Ba mai sanda?" Ta ƙura wa wata jar saniya mai ƙiba ido. "Wagga da Maradun ta kwana, ko kaho ba a iskewa da sahe."

Rawa dai ban ga kowa na yi a titi ba, ku daina tambayata.

Likitan da zai yi aikin dogo ne mai gemu da naɗin rawani. Yaya na ganinsa ta gyara lulluɓi ta ce, "Allah shi gafarta malam." Na raɗa mata cewa ba malami ba ne, addininsu ne haka, ta ce ita dai ta ga rawani. Ya duba hotunan cikinta, ya yi tambayoyi, sannan ya ce, tana tafiya kuwa? Na gyara zama, na ce masa ai tun da ciwon ya kama ta ba mu bar ta ta yi komai ba. Ina jiran ya yaba mini, sai na ga ya ajiye alƙalami. Ya ce Yaya ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake, ƙafafun na rawa, ta koma. Matar da ke jan buhu!

Ya yi mana bayani a hankali, ina juya wa Yaya da Hausa. Ya ce aikin babba ne, jikin da ya daɗe a kwance yana iya shiga ɗakin tiyata ya kasa tashi daga baya. Za a fara ba ta maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda suke kira kemo, don ƙarin da ya fito mata a hanji ya ragu. Kafin lokacin aiki kuma dole ƙarfinta ya dawo. Ya ce a wurinsu duk mai ciwon daji, yadda ake tura shi ɗakin gwajin jini da ɗakin magani, haka ake tura shi ɗakin motsa jiki. Ba zaɓi ba ne, cikin magani yake.

Da muka shiga ɗakin nan na saki baki. Ga mutane kai ƙwal, magani ya zubar musu da gashi, suna tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina. Ga wata tsohuwa da ta girmi Inna tana jan roba tana hira. Ga wani da robar ƙarin ruwa manne a hannu yana taka wata na'ura, kiɗa na tashi a hankali. Yaya ta ce, "Kulu, asibiti kinka kawo ni ko barikin soja?" Daga ranar mai kula da ɗakin ta samu suna. Sunanta Sunita, 'yar siririya mai yawan murmushi da taurin kai, amma har muka baro ƙasar Soja Yaya ke ce mata. Ta auna ƙarfin Yaya, ta nuna mata yadda za ta riƙa tashi tana zama a bakin gado, ta ba ta roba ta ja. Sannan ta ce akwai lambun shaƙatawa bayan masaukinmu, kullum da safe a zagaya shi, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa.

To, a nan ne na yi abin da har yanzu in na tuna nake dariya, ko da yake ya kusa jawo mana kuka mai tsawo. Na ji abin da Soja ta ce sarai. Amma da gari ya waye na dubi Yaya, kemo ya galabaitar da ita, na ce a raina wace irin ƙanwa ce za ta bar babbarta marar lafiya tana jan ƙafa a bainar jama'a ita tana tafe hannu sake? In labari ya kai Damri, da wane ido zan dubi Inna? Sai na sami mafita. An ce a zagaya lambu, to za a zagaya. Na ari keken marasa lafiya wurin mai gida, na ɗora Yaya, na lulluɓe ta, na tura.

Lambun kuwa abin kallo ne. Mata da sari, zanen nan nasu na Indiya, da takalmin kambas suna sauri suna kaɗa hannu. Tsofaffi a kan tabarma sun naɗe ƙafa sun rufe ido. A ƙarƙashin wata bishiya wasu dattawa sun yi da'ira, su ɗaga hannu sama su fashe da dariya gaba ɗaya, ba wanda ya ba da labari, ba wanda ya faɗi. Na yi ta'awizi na ƙara sauri. Kullum sai na ƙara zagaye kamar yadda aka ce. Ina gumi, ina haki, zanena har ya fara yi mini yawa. In Soja ta bugo waya ta ce kun zagaya, sai in ce mun zagaya, kuma ban yi ƙarya ba.

Wata safiya ina turawa, Yaya na yi mini faɗa wai na bi da ita ta kan dutse, sai muka ji daga baya an ce, "Kai! Wagga murya ta gida ta!" Muka juya. Wani dattijo ne cikin jallabiya da hular sanyi da farin kambas. Sunansa Alhaji Bawa, mutumin Dosara ta ƙasar Maradun, maƙwabtanmu, dillalin hatsi, shi ma ciwon hanjin ne ya kawo shi, an riga an yi masa aiki. Ku ji fa, mu ƙetare teku mu tarar da mutumin Dosara! Aka tsaya gaisuwa. An kwana lahiya, ya baƙunta, ya jiki, ya gida, ya mutanen Damri, ya ruwa bana, ya muka ji da wanga hali na ƙasa. Indiyawa na wucewa suna kallonmu, sun ga gaisuwa ta ƙi ƙarewa.

Da aka natsa sai ya ce, "To wai cikinku wa ab ba ta da lahiya?"

Na nuna Yaya.

"Ita anka ce ta zagaya ko ke?"

Ya kama ciki yana dariya har yana dafa wurin ɗinkinsa. Raina ya ɓaci, na ce, "Alhaji, a Dosara haka aka yi? A bar babba ba ta da lahiya ta yi ta jan ƙahwa, ƙanwa na kallo?"

Ya share hawaye ya ce, "Malama, ɗiyana sun yi man abin da yaf fi wanga. Goyo kaɗai na ba su yi ba. Sai da nis sa anka ɓoye keken. Ki bar ta ta taka. Wanga keke daɗi gare shi, amma shi ka cinye ƙahwa."

Ban ji ba. Na ce a raina namiji ne, me ya sani game da jinya.

Ranar komawa asibiti Soja ta sake auna Yaya. Ba abin da ya ƙaru, har ma ya ragu. Ta dubi Yaya, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ni kam na rame na yi kyau, wa yake zagaya lambun? Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi dariya ba, ta kai mu wurin likita. Ya ce ƙarin ya ragu, lokacin aiki ya yi, amma ba zai sa wuƙa a jikin da ke haka ba. Zai ɗaga aikin sau ɗaya. In muka dawo Yaya ba ta iya hawa bene ɗaya da ƙafarta ba, to sai dai mu koma gida da magunguna, ciwon na nan a cikinta. Na juya wa Yaya maganar da Hausa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A cikin agwagwa da buje na fashe da kuka. Yaya ce ta dafa ni. Ta ce, "Kulu, bari in gaya maki. Tun Damri na gaji da kwanciya. Bayana ciwo, raina ciwo. Amma kowa na wahala domina, wanga shi kawo ruwa, wagga ta yi hihita, ni kuma in ce a bar ni in tashi? Sai a ce ban gode ba." Ashe ni ina tura ta don kada a ce ban kula ba, ita tana zaune don kada a ce ba ta gode ba. Muna isa masauki na mayar wa mai gida kekenta, na roƙe ta ta kulle shi. Ta kaɗa kai gefe da gefe ta rataya mabuɗin a ƙugunta.

Tafiyar farko daga ƙofar ɗaki ce zuwa ƙofar gida. Yaya na dafa bango, ni ina bayanta. Soja ta ce in tsaya kusa amma kada in riƙe ta sai in za ta faɗi, don haka na cusa hannuwana cikin hijabi na damƙe su. Wallahi tura keken ya fi mini sauƙi. Sannu a hankali muka kai bakin titi, muka kai ƙofar lambu, muka kai bencin farko. Akwai ranakun da ba ta iya komai sai tashi da zama a bakin gado, Soja ta ce shi ma aiki ne, a yi abin da jiki ya ɗauka, kada dai a yini a kwance. In zazzaɓi ya zo ko jiri, a tsaya a kira asibiti. Abin mamaki, gajiyar da muke tsoro tafiyar ce ta rage ta. Barci ya dawo. Wata rana Yaya ta ce tana son tuwo da miyar kuka. Na hau madafa da gudu na jefa daddawa, matan Iraƙi suka buɗe tagogi duka suna fifita hanci, daga baya ɗayarsu ta ɗanɗana ta zo da kwano.

Alhaji Bawa ya zama abokin tafiya, shi a gaba, mu a baya, ana musu kan ko shinkafar Bakura ta fi ta Maradun. Shi ya raka mu kasuwa Yaya ta zaɓi kambas, ta tsallake baƙi da fari ta ɗauki ruwan hoda. Masu dariyar ƙarƙashin bishiya kuwa, ranar da ta fara isa wurinsu da ƙafarta ta tsaya tana kallonsu, sai dariyar gaske ta kama ta har tana riƙe bishiya. Suka ɗauka ta shiga ƙungiya, suka yi ta tafa mata.

Ranar gwaji likita da kansa ya tsaya a saman matakala, Soja na gefen Yaya, ni ina ƙasa. Ta fara hawa. Ina cewa sannu Yaya, sannu Yaya. A tsakiya ta tsaya tana haki, ta daɗe, na ce shi ke nan. Sai ta juyo ta harare ni ta ce, "In kinka sake ce man sannu, sai na sauko na mare ki." Ta juya ta ci gaba har ta kai sama. Likita ya yi murmushi ya ce a shirya ta. Ni kuwa na rangaɗa guɗa a tsakiyar asibitin mutane, ma'aikata suka fito da gudu suna tambaya wa ya faɗi.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma washegari, ɗinki ɗanye, robobi ta ko'ina, sai ga Soja ta shigo ta ce a tashi. Saura kaɗan in tare ƙofa. Yaya ta ce in matsa. Aka ɗaga ta a hankali, ta kama sandar da ake rataya ƙarin ruwa mai tayoyi, ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. To wannan shi ne gudun da aka ce an sa ta. Da za a sallame mu likita ya ce sauran kemo a Sakkwato za a ƙarasa. Ya ce tafiya ba ta maye gurbin magani, kada mu bar ko ɗaya, amma ya fi jin tsoron gida da komai, don ya ga marasa lafiya da yawa da ƙaunar dangi ta mayar da su gado. Yaya ta rungume Soja tana sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana amsawa da hawaye ba ta san me ake cewa ba.

A filin jirgi aka kawo keke, Yaya ta ce a kai wa mai bukata. Haka muka bi layi tare da kowa, a Delhi da Habasha da Abuja, ina tsaye ina tuna zamanin da ake buɗe mini hanya.

Mun iske Damri ta cika. An share ɗaki, an shimfiɗa sabuwar katifa, an jera matasai. Mata daga Bakura, daga Mafara, har daga Maradun, kowa na cewa a kwantar da ita, ta sha hanya, an yanka mata ciki. Ta kwanta ranar don ta gaji. Washegari da hantsi ɗaki ya sake cika da masu dubiya, sai Yaya ta jawo kambas ɗinta ta ɗaura, ta ce, "Mai son gaisawa da ni ta biyo ni, bakin hwadama za ni." Wata gwaggonmu ta ce an yi mata wani abu a Indiya. Amma mai dubiya ba ta komawa ba ta gaida marar lafiya ba, don haka suka bi ta, mata reras da mayafai, ana ya jiki ana haki. Yanzu akwai waɗanda ke zuwa kullum, sun ce gwiwarsu ta yi sauƙi.

Inna ce kawai ba ta ce komai ba. Ta daina yi mini magana sai gaisuwa. In Yaya ta fita, sai ta juya fuska bango tana jan carbi. Na san a ranta na ci amanar da ta ba ni, kuma abin yana damuna fiye da surutun gari. Na yi mata bayanin likita, na ba ta labarin bene, ta ce, "Uhm."

Bayan kemo na farko a Sakkwato Yaya ta dawo a galabaice. Ta yi amai, ta kwanta, washegari ba ta tashi ba, wanshekare ma haka. Masu dubiya suka dawo da "kwanta, kwanta," har da masu cewa ai dama sun faɗa. Na tambaye ta ko zazzaɓi ne ko jiri, ta ce babu, kasala ce kawai, in ƙyale ta. Na ga kambas ɗin an tura shi ƙarƙashin gado. Ni ma bakina ya yi nauyi, don a gida nake, idon kowa na kaina.

Da safe ina dama kunu a tsakar gida sai na ji sandar Inna. Ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ta ɗaga labule.

"Luba."

"Na'am, Inna."

"Ubanku ni nay yi mashi jinya. Ban bar shi ya taka ƙasa ba ko sau guda, har ranar da anka ɗauke shi." Ta gyara riƙon sandar. "Ke tashi ki taka. Ko tsakar gida na, ina nan ina kallo."

Na ji motsin gado. Can sai muryar Yaya ta fito, a dishe, ta ce, "Kulu, miƙo man takalmina."

Na ajiye ludayi na shiga na durƙusa na jawo shi.